Tele a rufin mota: a bincika kafin a miƙa wa mai almakashi

A wuraren sayar da motocin okaziyon na Yamai, Maraɗi da Damagaram akwai wata dabara da kusan kowane dillali ya iya. Idan ya ga mai saye ya fara jan ƙafa kan farashi, ba zai buɗe masa inji ba, ba zai nuna masa ƙarƙashin mota ba. Ƙofar baya zai ja, ya miƙa hannu sama, ya danna wani maɓalli, sai ga allon tele ya sauko daga rufi. Daga nan ciniki ya canza salo. Motar ta zama "ful opsiyon", Elhaji ya fara hango yaransa zaune tsit suna kallo tun daga Yamai har Ƙonni, kuɗin da ɗazu yake cewa sun yi yawa ya ga ashe ba su kai ba. Da wuya a samu wanda zai ce a saka faifai a gani. Allon ya kawo haske, sunan kamfanin ya bayyana, shi ke nan an gamsu.

Bayan mako guda sai a ji wani labarin. An saka faifan fim, na'urar ta tofo shi, ko ta rubuta wani saƙo da Ingilishi wanda ba kowa ke ganewa ba a ƙasar da aka yi lekol da Faransanci. Ko hoto ya fito babu sauti. Ko an ajiye mota da dare lafiya lau, da safe batir ya kwanta. Sai a nufi garaji, a miƙa ta ga yaron da ke gyaran waya, shi kuwa abin da ya fi kusa da hannunsa almakashi ne da salatif. A nan asarar gaske take farawa, domin mafi yawan abin da ake kira lalacewa a waɗannan na'urori ba lalacewa ba ce. Na'urar tana yin aikin da aka ƙera ta ta yi ne, a ƙasar da ba a ƙera ta dominta ba. Gyaran da ake yi mata da ka kuwa ya fi ciwon haɗari: yana iya cinye batir, ya ƙona mota, wani lokacin ma ya ci rai.

Wani rahoto da hukumar kare muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 ƙasashen Turai, Amurka da Japan sun fitar da ƙananan motocin okaziyon miliyan 14, kuma kashi 40 cikin 100 Afirka suka nufo. Rabon Nijar shekara da shekaru ta tashar ruwan Kwatano yake shigowa, ya ƙetare gadar Malanville zuwa Gaya. Bayan rufe iyakar a 2023 ne aka karkata zuwa Lome, a ratsa Burkina Faso, tafiya mai tsawo da tsada. Cikin waɗannan motoci akwai manyan motocin iyali na Amurka irin su Toyota Sienna, Honda Odyssey, Honda Pilot, Dodge Grand Caravan da Chrysler Town & Country, kuma su ne suka fi zuwa da allon rufi. Sienna ƙirar 2011 mai cikakken kaya tana da allo mai inci 16.4 da ake iya raba shi gida biyu, wannan yaro na kallon nasa, wancan na kallon nasa. Odyssey ta wannan shekarar tana da mai inci 16.2. Kaya ne na ƙwarai, babu mai raina su. Sai dai an yi su ne don iyalin da ke zaune a Ohio ko Texas, masu sayen faifansu a shagon unguwarsu, masu jona kayansu a wutar ƙasarsu, masu sauraron tashoshin garinsu.

Faifan shi ne abu na farko da ke bai wa mutane haushi. Tun da aka fito da DVD a wajajen 1996 da 1997, kamfanonin fim suka raba duniya shiyya shida don su riƙa sarrafa lokacin fitar fim da farashinsa a kowace kasuwa. Amurka da Kanada shiyya ta 1; Turai, Japan, Gabas ta Tsakiya, Masar da Afirka ta Kudu shiyya ta 2; sauran Afirka, da Indiya da Rasha, shiyya ta 5. Na'urar da kamfanin mota ya ɗaura a motar Amurka lamba 1 kawai ta sani. Faifan asali da ɗan'uwa ya aiko daga Faransa ko Beljik lamba 2 ne, za ta ƙi shi, kuma lafiyarta ƙalau. Motar da ta zo daga Dubai ko Turai ita ma tana da nata makullin, lamba 2.

Wani zai ce ai faifan kasuwar nan ba su da wata lamba. Gaskiya ne, akasarinsu kwafi ne kuma babu makulli a kansu, amma akwai shinge na biyu. Amurka na aiki da tsarin hoto na NTSC, layi 480 da hoto kusan 30 a daƙiƙa guda. Turai da Najeriya na kan PAL, layi 576 da hoto 25, kuma faifan da ke yawo a kasuwannin yankin nan galibi a kan wannan tsari aka yi su. Allon da NTSC kaɗai ya sani, idan aka ba shi PAL, ko dai ya ƙi gaba ɗaya, ko hoton ya fito fari da baƙi yana gudu sama kamar ana jan sa da igiya. Ga kuma shinge na uku, wanda ya fi kama mutane: faifan nan mai fim goma ko cikakken zangon wani shiri mai dogon zango a ciki, ba DVD ba ne a ma'anar da motar ta sani. Fayilolin kwamfuta ne aka matse aka zuba a faifai. Ƙaramar na'urar Sin da ke ɗaki tana karanta su domin ita kamar akuyar gari take, duk abin da aka ba ta ci take yi. Ta mota kuwa zaɓe gare ta, da yawansu ko tsofaffin VCD na finafinan Kano ba sa karɓa.

Maganin wannan ba ya garaji. Yana wurin masu tura fim a kile da faifai. Wanda ya san aikinsa zai iya mayar da fim zuwa tsarin DVD na ainihi, a kan NTSC, ba tare da lambar shiyya ba, ya ƙona shi a faifan DVD-R, wanda tsofaffin na'urori suka fi karɓa fiye da irin wanda ake gogewa a sake rubutawa. Kafin a yanke wa na'ura hukunci, a gwada ta da faifan Amurka na asali ko da guda ɗaya ne. Sau da yawa ma ana tarar da wanda mai motar na farko ya manta a ciki. Kada kuma a ce ai ta karanta faifan waƙa don haka idonta lafiya: hasken da ke karanta CD daban ne da wanda ke karanta DVD, ɗaya na iya mutuwa ɗaya na aiki.

Abin da dillali ba zai faɗa ba shi ne a can ƙasar da aka yi ta ma DVD ta zama tarihi. Netflix ya daina aika faifai ta gidan waya a Satumban 2023, shagunan Best Buy sun daina sayar da su a 2024. Wato ana ƙara wa matashi kuɗi ne a kan fasahar da masu ita suka yi wa bankwana.

Batun sauti ya fi sauƙi, kuma ya fi ban takaici idan aka ga kuɗin da ake ɓarnatarwa a kansa. An tsara waɗannan na'urori ne yadda yara za su ji fim ɗinsu a kunne, uba kuma ya ji rediyonsa a gaba. Saboda haka idan ba a zaɓi na'urar baya a rediyon gaba ba, lasifikan mota ba za su ce uffan ba. Sautin na tafiya ne zuwa abin sauraro na kunne, wanda ake kira kask. Shi kuma wannan kask ɗin ba da Bluetooth yake aiki ba, da wani haske da ido ba ya gani yake aiki, irin na telekomand. Dole ya kasance yana fuskantar ƙaramin gilashin da ke jikin allon. Idan jaka ta tare, ko yaro ya kwanta, ko rana ta haska kai tsaye, sai sautin ya riƙa shashsheƙa ko ya ɗauke. Yana cin ƙananan batura biyu, yana kashe kansa idan ya daɗe bai ji komai ba, kuma a motoci masu allo biyu ko mai rabuwa yana da ɗan maɓalli na tasha ta 1 da ta 2; idan yana kan wadda ba ita ba, shiru za a ji. Mutum nawa aka kwance wa rufin mota a kan batura biyu da ake sayarwa a teburin mai shayi? Kask na asali kusan kullum ba ya isowa da motar, amma akwai na gama-gari masu aiki da irin wannan haske da ke dacewa da yawancin tsofaffin motocin. Wasu sababbin ne ke buƙatar nasu na kamfani.

Haka zancen maɓallan baya da suka "mutu". Masu ƙera motar sun san halin yara, sun bai wa direba hanyar kulle na'urar baya daga gaba, ko da maɓalli ko a cikin saitin allon gaba. Idan mai motar na farko ya bar ta a kulle, duk abin da aka danna a baya aikin banza ne har sai an buɗe. A tsofaffin motocin Honda kuwa, da zarar an cire batir ko ya mutu, abin da ba makawa zai faru a doguwar tafiyar teku da zaman tasha, rediyon kan kulle kansa ya nemi lambar sirri mai lamba biyar, kariya ce daga ɓarayi. Lambar tana kan wani ƙaramin kati da ake bai wa mai saye, wani lokaci a manne a cikin akwatin gaba, kuma ana iya nemo ta a shafin kamfanin da lambar shasi da lambar jikin rediyon. Wanda bai san haka ba sai ya cire rediyon asali ya jefar, ya saka na kasuwa, daga nan allon rufi ya rasa uwar da ke ba shi umarni.

Akwai wasu abubuwa biyu da suka fito daga tushe ɗaya. Rediyon Amurka yana tsallake ne daga 96.1 zuwa 96.3, ba ya tsayawa a lamba mai cika, don haka tashar da ke kan 96.2 ko 100.4 sai dai a ji ta da hayaniya. Sai kuma soket ɗin wuta da ke kusa da kujerar baya: bolt 115 ko 120 yake bayarwa, ƙarfinsa wat 100 zuwa 150, alhali wutar gida a nan bolt 220 ce. Cajar waya da ta kwamfuta yawanci suna karɓar daga 100 zuwa 240, an rubuta a jikinsu, ba su da matsala. Butar dafa ruwa ko dutsen guga kuwa ba wurinsu ba ne.

Matashin yau dai ba faifai ne a aljihunsa ba, waya ce, kuma tambayarsa ita ce yadda zai tura abin da ke cikinta zuwa allon. Tsofaffin motocin suna da ramuka uku, rawaya na hoto, fari da ja na sauti. Waɗanda suka biyo baya suna da HDMI. Sai a sayi igiyar da ke haɗa waya da HDMI, a jona, allon ya ce babu sigina, a sake zargin motar. Laifin na wayar ne: yawancin wayoyi masu sauƙin kuɗi da suka cika kasuwa ba sa fitar da hoto ta ramin caja, ko da ramin irin na zamani ne. Ƙaramar na'urar karanta kile da ake jonawa ta HDMI ko ta ramuka ukun ta fi dacewa, a saita ta kan NTSC. Motar da ke karanta kile da kanta kuma sau da yawa FAT32 kawai ta sani, tsarin da ba ya ɗaukar fayil ɗin da ya wuce giga 4. Sababbin motoci, irin Chrysler Pacifica da ke zuwa da Fire TV, sun rabu da wannan wahala sun shiga wata: intanet suke so. Netflix da kansa ya ce awa guda na cin kusan giga 1 a hoto madaidaici, har giga 3 a hoto mai kyau. A lissafa wannan da tafiyar Yamai zuwa Damagaram, kusan kilomita 900, sannan a tuna wuraren da rezo ke ɓacewa tsakanin gari da gari. Wanda bai sauke finafinansa tun daga gida ba, allon ado ne kawai.

Ba a ce babu lalacewa ta gaske ba. Allon yana manne ne da rufi, wurin da ya fi ko'ina zafi a mota, kuma a watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke kai digiri 45 a inuwa, cikin motar da aka rufe a rana yakan haura 60. Wasu na'urorin na kashe kansu idan sun yi zafi, su dawo idan kilim ya sanyaya wurin. Hakan kariya ce, a ba su minti goma. Ƙurar hunturu na zama a kan idon da ke karanta faifai. Akwai kuma wata shimfiɗaɗɗiyar waya, siririya kamar takarda, da ke ratsa gaɓar da allon ke naɗewa. Bayan shekara goma ana buɗewa ana rufewa takan tsage, alamarta ita ce hoto ya zo idan an karkata allon haka, ya ɗauke idan an karkata shi haka. Duk waɗannan ana gyara su a kan teburin mai gyaran tele, ba tare da an taɓa wayar mota ko ɗaya ba.

Matsalar ita ce ba haka ake yi ba. Idan allon ya mutu ɗungurungum, wuri na farko da ya kamata a duba shi ne fizibil, kuma an yi masa launi don kowa ya gane: ja amfa 10, shuɗi 15, rawaya 20, kore 30. Wanda ya ƙone a maye shi da mai launinsa. Idan sabon ya sake ƙonewa, yana faɗa ne cewa akwai wayar da ta goge tana taɓa ƙarfe a wani wuri, a neme ta. Abin da ake gani a garaji da dama shi ne a saka kore a gurbin ja, ko a naɗa zaren tagulla ko takardar kwalin taba a wurin, a ce an gyara. Fizibil an yi shi ne ya mutu a madadin motar. Idan aka hana shi mutuwa, wayar da ke cikin rufi ce za ta yi zafi, kuma rufin nan soso ne da yadi, a kan kawunan yara, a motar da ƙofofinta na baya da lantarki suke buɗewa. Wannan ba gyara ba ne, ko da mai yin sa ya shekara ashirin a sana'ar.

Wani salon kuma shi ne a jawo wuta kai tsaye daga batir don allon ya riƙa aiki ko babu kontak. Yara sun ji daɗi, amma na'urar ba ta ƙara yin barci ba. Motar da ke lafiya, idan an kashe ta an ba ta ɗan lokaci, wutar da take ja ba ta cika wuce miliamfa 50 ba. Duk mai gyaran da ke da na'urar awo zai iya auna wannan cikin ƴan mintuna, ya riƙa zare fizibil ɗaya bayan ɗaya har ya gano mai shan wutar. Maimakon haka sai a sayi sabon batir, bayan wata biyu a sake sayen wani, ana zagin masu sayar da batir. Ga masu ɗaura allon kasuwa a motar da ba ta zo da shi ba kuma, a gefen rufin akwai jakar iska ta kariya da ke saukowa kamar labule idan aka yi haɗari. Wayoyinta masu kan rawaya ne, ba a taɓa su, ba a kuma ratsa wata waya ta gabanta. A motocin Jamus da dama, irin BMW, Mercedes da Audi, rediyo, na'urar ƙara sauti da ta faifai a jere suke kan zobe guda na wayar gilashi mai ɗaukar haske. Ɗaya ta mutu, ko aka cire ta, duk motar ta yi shiru. Akwai ɗan ƙaramin mahaɗi mai arha da ake sakawa a gurbinta zoben ya sake rufuwa, amma wayar gilashin da aka datse da almakashi ba ta ɗauruwa da salatif.

Mafi muni a cikin duk waɗannan gyare-gyare shi ne wanda mai motar da kansa ke roƙo a yi masa. Kamfanoni sun tsara cewa allon gaba ba zai nuna fim ba sai giya tana kan P ko an ja birkin hannu. Mutane na ɗaukar wannan a matsayin cuta, su biya a cire. A rediyon Android da ake ɗaurawa yanzu ko'ina abin bai wuce waya ɗaya ba: wadda ya kamata a haɗa da birkin hannu sai a ɗaure ta a jikin ƙarfen mota, na'urar ta zaci kullum a tsaye ake. Sai ga direba a kan hanya mai lamba 1, tsakanin Dogon Dutse da Ƙonni, ido ɗaya a titi ido ɗaya a wasan ƙwallo. Motar da ke gudun kilomita 90 a awa tana cin mita 25 a kowace daƙiƙa. Kallon daƙiƙa uku, mita 75 ke nan ba tare da direba ba, a hanyar da amalanke, babur, garken shanu da yaran ƙauye ke ƙetarawa ba sallama. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce direban da ke amfani da waya ya ninka haɗarin yin karo kusan sau huɗu, kuma rahotonta na 2023 ya ƙiyasta mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a hanya kowace shekara, Afirka ce kan gaba idan aka auna da yawan jama'a. A Faransa, ajiye allo mai aiki a inda idon direba ke kaiwa, in ba na nuna hanya ba, na iya jawo tarar Yuro 1,500, a cire maki uku a lasisi, a kuma ƙwace na'urar. Babu dalilin da zai hana ANISER, jandarmomi da masu bizit na motoci su mayar da wannan abin dubawa kamar yadda ake duba birki da fitila. Gwajin bai wuce a saki birkin hannu a ga ko hoton ya ɗauke ba. Manyan motocin safa ma ya shafe su, domin a wasunsu allon farko yana rataye ne dab da kafaɗar direba.

Kada a fahimci wannan a matsayin ƙyamar allon baya. Duk wanda ya taɓa ɗaukar yara uku daga Yamai zuwa Maraɗi, kilomita sama da 600, ya san darajar abin da zai zaunar da su wuri ɗaya. Yaron da ke kallo yana zaune, ana iya ɗaura masa bel, ba ya tsaye tsakanin kujerun gaba yana jan rigar babansa. Allon rufi ya kuma fi waya ko tablet da ake riƙewa a cinya: kai a ɗage yake, amai ya fi sauƙi, kuma idan aka taka birki da ƙarfi ba ya tashi ya bugi fuskar wani. Inda amfanin ke juyewa ya zama masifa shi ne a mayar da shi mai reno. A bar yara a mota a bakin kasuwa ko banki, a kunna musu fim, a ce minti biyar. Idan inji a kashe yake, batir na zuba kuma zafi na hawa, jikin ƙaramin yaro kuwa ya fi na babba saurin ɗaukar zafi nesa ba kusa ba. Idan inji na aiki, an bar yara da mota mai rai.

Allon da ya mutu yana da wani amfani da masu saye ba sa lura da shi: shaida ne. Kaso mai yawa na motocin Amurka da ke zuwa Afirka ta Yamma daga gwanjon kamfanonin inshora suke fitowa, irin na Copart da IAA, inda ake sayar da waɗanda suka yi haɗari ko ruwa ya ci. Guguwar Harvey a Texas a 2017 da ta Ian a Florida a 2022 kowacce ta nutsar da dubban ɗaruruwan motoci. Motar da ruwa ya shiga ana iya wanke ta, a busar, inji ya tashi, fenti ya yi ƙyalli. Kayan lantarki ne ke tona asiri, domin a motoci da dama na'urar ƙara sauti da wasu ƙananan kwamfutoci a ƙarƙashin kujera ko kusa da daɓe suke, inda ruwa ke fara kaiwa. Idan allon baya ya mutu, sauti na zuwa yana ɗaukewa, kujerar lantarki na gardama, ƙofar baya na buɗewa lokacin da ta ga dama, to maganar ta wuce tele. A ɗaga kafet, a duba tsatsa a ƙusoshin kujera, a zaro bel har ƙarshe a ga ko akwai zanen laka, a buɗe mahaɗin wayoyi a ga ko ya yi kore. Tsatsar da ta ci wayar allo ita ce za ta ci ta birki da ta jakar iska, a hankali. Kowace mota tana da lambar shasi mai harafi da lamba 17, ana ganin ta ta gilashin gaba ta gefen direba. Da ita ake sayen tarihin motar a shafuka irin Carfax, sau da yawa ma idan aka rubuta ta a Google hotunan ranar gwanjo ke fitowa.

A nan ƴan Nijar mazauna waje ke da rawar takawa, musamman na New York da Greensboro da ke aiko wa iyaye ko ƙanne mota. Abin da zai ɗauke su rabin awa a can yana iya zama wahalar wata shida a nan. A gwada allon da faifai kafin a saya, a ɗauki bidiyonsa yana aiki. A nemo lambar sirrin rediyo a rubuta a ajiye. A buɗe makullin na'urar baya. Kask, telekomand da littafin motar kuwa kada a bar su a ciki: jiragen da ake tuƙa mota a shiga da ita ba sa yarda da kaya a ciki, kuma ƙaramin abu da ke yawo a mota tsakanin tashar ruwa biyu da iyaka biyu ba ya cika isowa. A ba wa matafiyi a jaka, a haɗa da faifai biyar ko shida na zanen yara, waɗanda a can yanzu kusan kyauta ake ba da su a shagunan gwanjo.

Shi kuwa mai saye a fili, ya je da kayan gwajinsa: faifan da ya tabbata na Amurka ne, kile, batura biyu sababbi. Ya ce a tada inji, a saka faifan, a bar shi ya yi minti goma sha biyar, a karkata allon sama da ƙasa ana kallo, a ji sauti ta lasifika a ji ta kask, a kashe kontak a buɗe ƙofa a ga ko allon ya mutu tare da motar. Ya leƙa akwatin fizibil ya ga ko launukan sun dace da zanen da ke jikin murfin. Dillalin da ya ce batir ba shi da ƙarfi, ko maigida ya tafi da telekomand, ko a bari sai an biya, sai a yi cinikin motar a matsayin marar allo, sannan a durƙusa a ɗaga kafet ɗin a sansana.